Ruwan Shuɗin Duro

A wurin aiki Uwar Kifi ake ce mata, kuma ba ta taɓa jin haushin sunan ba. Shekararta tara tana kula da ɗakin kifaye a wata cibiyar bincike, dogon ɗaki mara taga, da tankunan gilashi goma sha biyu jere a kan kantar ƙarfe, kowanne da lambarsa. Babu abin da ake ji a ciki sai gurnanin injin iska da ɓulɓulin ruwa. Kifayen 'yan mitsi-mitsi ne, ba su kai ɗan yatsa ba, ko mage aka ba sai ta raina. Amma a kansu Dakta, shugaban binciken, ya ƙarar da baƙin gashinsa.

Tun ranar da ta fara aiki ya zaunar da ita ya yi mata bayani dalla-dalla. Ya ce jikin kowace halitta yana da wasu sinadarai da yake aikawa ta cikin jini, su ne ke kai saƙo cewa lokacin girma ya yi, su ne ke sa namiji ya zama namiji, mace ta zama mace. To akwai wasu sinadaran na masana'anta, cikin wasu robobi da fenti da magungunan feshi, waɗanda in sun shiga jiki sai ya ɗauka nasa ne, ya bi umarninsu. Abin da suke son ganewa shi ne, nawa ne yake isa ya rikita jiki. Don haka tanki goma sha ɗaya ana ɗiga musu sinadarin, wani ɗigo ɗaya, wani biyu, har zuwa sama. Tanki na ɗaya kuwa ba a sa masa komai sai ruwa zalla. Shaida suke ce masa, domin da shi ake gwada sauran. In Shaida ya lalace, aikin duka ya tashi a banza.

Ba a yi kuskuren ba ta wannan aiki ba, don matar nan akwai tsabta har ta so ta yi yawa. A gidanta ko cokali ne ya faɗi ƙasa sai ya sha sabulu sau biyu. Maƙwabta ba sa son aron kofinta, saboda suna sane suna juya baya za ta jefa shi a tafasasshen ruwa. Ruwan sha kuwa ba a magana. Sai ta tace shi da farin ƙyalle, ta tafasa a babbar tukunya, ta juye shi da zafinsa cikin wani shuɗin duro na roba da ke bayan ƙofar kicin, inda rana ke dukansa tun daga hantsi, ta ɗaure murfin gam. Mijinta, direban babbar mota ne, shi ya kawo mata duron suna sababbin aure, ya ce a bakin wata masana'anta ya samo shi ana sayar da wofintattu. Kwana uku ta yi tana dirzarsa kafin ta yarda da shi. Daga nan ya zama ɗan gida, har ta daina ganinsa, kamar yadda mutum ba ya ganin bangon ɗakinsa.

'Yarsu ɗaya ce, shekararta bakwai, ana ce mata Giɓi tun da haƙoranta biyu na gaba suka fita. Yarinyar ba ta shan ruwan ko'ina sai na gidansu. In aka je unguwa aka ba ta, sai ta kurɓa ta yamutsa fuska ta ce ba shi da daɗi. Uwar takan yi ta ba da haƙuri a baki, amma a zuci daɗi take ji, tana ganin ko yarinya ma ta san bambanci.

To ana nan sai injin tace ruwa na cibiyar ya lalace, a daidai lokacin da aka zuba sababbin 'ya'yan kifi, ƙanana ƙwarai, jikinsu bai ma raba namiji da mace ba tukuna. Dakta ya yi tafiya taro. Aka ce kayan gyara na hanya, yau ne gobe ne. Ruwan da ake kawowa daga wani sashe kuma kullum sai ya gaza, ya ishi tanki goma sha ɗaya, ɗaya ya rasa. Uwar Kifi ta tsaya ta yi tunani irin nata. Sha ɗayan nan awo ake yi musu, ba a taɓa su. Shaida kuwa ruwa mai tsabta kawai yake buƙata, kuma ina za a samu ruwan da ya fi nata tsabta? Washegari ta ɗebo daga duro. Ba ta yarda ta zuba a jarka ba, ai ta san aikinta, ta san roba ba ta shiga ɗakin nan. A manyan kwalaben gilashi ta ɗauko shi, ta rungumo su a cikin mota kamar jarirai. A littafin aiki ta rubuta "ruwa mai tsabta", kuma har ga Allah ba ta ɗauke shi ƙarya ba. Mako shida aka yi a haka kafin a gyara injin.

Ita ta fara lura, don ita ke wuni da su. Mazan irin wannan kifi in sun tasa sukan yi ja a gefen ciki, su riƙa kora da faɗa a kan ɗan dutsen da ke ƙasan tanki, ruwa ya yi ta tashi. A tanki na biyu, mai ɗigo ɗaya, haka ake yi, har na uku ma. A Shaida kuwa shiru. Babu ja, babu kora. Kifaye arba'in, duk launi ɗaya, kowanne da tumbi, suna tsaye a tsakiyar ruwa ba sa gaba ba sa baya, sai bakinsu da ke buɗewa yana rufewa. In ta shigo da safe ta kunna fitila, sauran tankuna sukan watse. Waɗannan sai su juyo a hankali, gaba ɗaya, su fuskance ta. Ta zuba abinci, ya sauka ta tsakaninsu har ƙasa, su dai ita suke kallo.

Ta ce wa kanta ƙila sanyi ne. Ta duba ma'aunin zafi, daidai yake. Ta koma can ƙarshen kantar wajen tanki na goma sha biyu, wanda ya fi kowanne shan sinadari, ta ga su ma haka suke tsaye. Ta dawo ta kalli Shaida. Sai ta fita baranda ta tsaya a rana.

Ranar Laraba da safe tana sa wa Giɓi rigar makaranta, maɓallin ƙirji ya ƙi shiga. Rigar nan wata huɗu ke nan da ɗinka ta, kuma da girma aka yi ta. Ta ɗan ja da ƙarfi, yarinyar ta noƙe.

"Umma, da zafi."

"Ina ke zafi?"

Giɓi ta nuna ƙirjinta, ɓangaren hagu. Uwar ta sa yatsu biyu ta taɓa, ta ji wani ɗan ƙullutu a ƙarƙashin fata, mai tauri, kamar ƙwayar wake. Ba yau ta fara ganin alama ba. Ta ga takalma suna matsewa da wuri. Ta ji warin hammata irin na manya a rigar da take wankewa, har ta yi mata faɗa kan wanka. Ta ga yarinyar tana fashewa da kuka babu dalili, sannan ta koma wasa da 'yar tsanarta. Duk ta tattara ta ce ƙiba ce, cin abinci ne, ai dangin ubanta dogaye ne. Ta bar maɓallin a buɗe ta rufe da rigar sanyi, ta cika mata gorar makaranta daga duro, ta rataya mata a wuya.

"Ki shanye duka, kar ki sha na famfon makaranta."

"Ai ba na sha," in ji Giɓi, tana murmushi, harshenta na leƙowa ta giɓin.

Da ta isa aiki ta tarar Dakta ya riga ta. Ba al'adarsa ba ce. Yana zaune gaban madubin duba ƙananan abubuwa, shayinsa ya huce a gefe. Kwana biyu da suka wuce an yanka kifaye biyar-biyar daga kowane tanki, an fere 'yan gaɓoɓinsu siriri an shimfiɗa a gilashi.

"Malama, zo ki duba min wannan," ya ce, bai ko amsa gaisuwarta ba. "Idona ya tsufa, wataƙila shi ke yi min ƙarya."

Ta sunkuya ta sa ido. Ta san abin da ya kamata ta gani a gaɓar namijin kifi, ɗigo-ɗigo ƙanana cunkushe kamar yashi. Suna nan. Amma a tsakaninsu ga wasu manyan ƙwallaye masu haske, kowanne da baƙin ɗigo a tsakiya, a jere, sun yi luf. Ƙwai ne. Ta sha ganin haka, amma a tanki na goma zuwa sama.

"Na sha biyu ne wannan?" ta tambaya, ko da yake ta riga ta ga lambar.

"Shaida ne. Maza uku muka samu cikin biyar ɗin, duka ukun haka suke." Ya cire tabarau ya murza idanu. "Na duba ko an musanya gilashi, ba a musanya ba. Na duba abinci, ɗaya ne da na sauran. Ko dai wani ya ɗiga masa sinadari da kuskure, ko kuma akwai abin da ban sani ba. Ke ce a ɗakin nan kullum. Ba zarginki nake ba, shekara tara ban taɓa kama ki da ko ɗigo ɗaya a inda bai dace ba. Ki dai yi tunani."

Ta ce za ta yi tunani. Ta shiga ɗakin kifaye ta rufe ƙofa.

Ba aikin ne ya fara zuwa mata a rai ba, ko da yake ta san wata shida na wahalar mutane ya zube. Ta tsaya gaban Shaida, kifaye talatin da biyar da suka rage suka juyo suka zuba mata ido. A ƙasan kantar, can lungu, akwai kwalba ɗaya da ta rage cikin waɗanda take kawowa, ruwa ya kai rabi. Ta ɗauko ta ɗaga wa fitila. Garau yake, babu ko ƙura. Ta buɗe ta shinshina. Duk tsawon shekarun nan hancinta ya saba, amma a ɗakin nan da babu warin komai sai ta ji shi, wani ɗan ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, can ƙasa-ƙasa, kamar na sabon takalmin roba. Shi ne daɗin da Giɓi ke cewa babu a ruwan mutane.

Mako shida kifayen nan suka yi a ciki. Ta fara lissafin na Giɓi, sai ta zauna a kan bokitin da ke kife. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Ta fito da kwalbar a hannu ta ajiye a gaban Dakta, ta gaya masa komai tun daga ranar da injin ya tsaya. Ba ta rage ba, ba ta nemi uzuri ba. Ta zaci zai yi faɗa, don mutum ne mai zafi a kan aiki, ya taɓa korar ma'aikaci saboda ya shigo da man shafawa a hannu. Amma bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga, da ta fi samun sauƙi.

"Duron, me aka zuba a cikinsa kafin ya zo hannunku?"

"Ban sani ba, Dakta. Na dai wanke shi sosai."

"Roba tana shan abu, Malama. Ke ma kin sani. Ba ya fita da sabulu." Ya jawo kwalbar gabansa. "Da zafi kike juye ruwan?"

"Yana tafasa."

"A inuwa yake?"

"A rana."

Ya kalli kwalbar, ya daɗe yana kallo. Sannan ya tambayi abin da take jira.

"Wa ke sha?"

"Mu duka. Maigidan ba ya zama, kullum yana hanya. Ni kuma nan nake wuni. Yarinyar ce ta fi sha." Ta matso kusa. "Shekararta bakwai. Ƙirjinta ya fara, Dakta. Yau da safe na taɓa na ji."

"Tun yaushe take sha?"

"Tun da na yaye ta." Ta tsaya. "A'a. Da shi nake dama mata madara. Kafin nan ma, da cikinta, shi nake sha."

Dakta ya mayar da tabarau ɗinsa, ya sake cirewa. Ya ce ta saurare shi da kyau. Kifi ba mutum ba ne. Yara mata sukan fara da wuri saboda dalilai da yawa, wani lokaci ma ba a gano dalilin, kuma shi ba zai ce duron ne ba sai an auna ruwan, an auna yarinyar, ko a nan ma ba lallai a iya rantsuwa ba. Ya ce akwai likitocin yara da suka san wannan matsala, akwai allurar da ke dakatar da abin in an je da wuri. Duk gaskiya ya faɗa, ta san ba mai faɗin abu don daɗin baki ba ne. Sai dai duk tsawon maganar bai kalli idonta ba, kwalbar yake kallo.

"Wanda ya riga ya shiga fa?" ta ce. "Yana fita?"

"Wani yana fita cikin kwanaki. Wani yana daɗewa." Ya numfasa. "Abin da ya riga ya gaya wa jiki kuma, shi ne muke zaune a nan muna nema tun kafin ki zo. Ban sani ba."

Ya tashi da kansa ya cika mata kwalabe biyu daga injin da aka gyara. Ya buɗe kabad ya ɗauko ɗan ƙaramin kofin gilashi mai murfi, irin wanda suke raba wa iyaye a ɗaya ɓangaren binciken, inda ake auna fitsarin yara. Ba a rubuta suna a jikinsu, lamba ce kawai da shekaru. Ita ce ma ke manna takardun, ta manna fiye da ɗari biyu, ba ta taɓa tunanin fuskar kowa ba. Ya miƙa mata da alƙalami. Ta rubuta lamba ta gaba, ta rubuta bakwai a wurin shekaru.

"Je ki gida," ya ce. "Kar ki jefar da duron, zan aiko a ɗauka."

Rana na tsaka ta isa. Unguwar tsit, yara na makaranta, manya na wurin nema. Ta buɗe gida ta wuce kai tsaye bayan ƙofar kicin. Yana nan inda yake, shuɗinsa ya koɗe ta gefen da rana ke duka, jikinsa da ɗumi kamar na mai rai. Ta kwance murfin, tururi ya taso mata da ƙamshin nan, yanzu kam ba ta iya daina jinsa. Ta sa kafaɗa ta tura shi, ya kife, ruwan ya malale a siminti ya bi magudana.

A gindinsa, inda ba ta taɓa dubawa ba tun ranar da aka kafa shi, akwai ragowar takarda da aka kankare. Rubutun ya tafi, sai haruffa biyu-uku da ba sa ba da ma'ana. Amma a kusurwa alamar ta tsira, ɗan murabba'i mai jan baki, a ciki ga hoton bishiya busasshiya da kifi kwance, cikinsa a sama. Irin alamar da ke jikin ƙaramar kwalbar da Dakta ke kullewa a kabad, wadda ba a taɓa ta sai da safar hannu.

Tana durƙushe a wurin ta ji ƙarar ƙofa. Giɓi ce, an taso, ta shigo da gudu, jaka na dukan bayanta, rigar sanyi a ɗaure a ƙugu, maɓallin nan a buɗe. Gorar na reto a wuyanta, babu komai a ciki.

"Umma, na shanye duka," ta ce, tana girgiza gorar don a ji. Sai ta ga duron a kife. "Wa ya zubar mana da ruwa?"

"Ni ce. Ya lalace."

"Ƙishirwa nake ji."

Uwar ta miƙe ta shiga kicin. Ta kai hannu ga kofin yarinyar, mai hoton zomo, ta ga roba ne, ta janye. Jug ɗin roba ne. Kwanon abincinta roba ne, cokalinta ma. Duk ita ta zaɓo su, don kada su fashe su yanke ta. Ta tsaya tsakiyar kicin ɗin da ta fi alfahari da shi a duniya, ta rasa abin da za ta taɓa. Daga ƙarshe ta hau kujera ta sauko da kofin gilashi na baƙi, ta zuba ruwan da Dakta ya ba ta, ta durƙusa ta miƙa da hannu biyu.

Giɓi ta kurɓa. Ta riƙe shi a baki, ta haɗiye da ƙyar, ta yamutsa fuska ta miƙo kofin.

"Wannan ba shi da daɗi. Na gidanmu nake so."

"Babu na gidanmu kuma. Wannan za ki riƙa sha."

"Har yaushe?"

Uwar ta ajiye kofin. Ta jawo yarinyar ta rungume ta, Giɓi ta ɗan noƙe, ta ce a hankali, Umma, wurin nan da zafi. Ta sassauta hannu. Ta kan kafaɗar yarinyar tana hango bakin duron, sauran ruwan na ɗiga ɗaya bayan ɗaya, kuma a aljihunta ɗan kofin gilashin mai lamba yana tokare mata cinya.

"Sha, uwata," ta ce. "Daure ki shanye. In kin gama akwai abin da za ki yi min."